Daga Kwalta Zuwa Gaɓa: Wace Jif Ce Za Ta Ja Jirgin Ruwa a Gwarzo da Kabo?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin dam ɗin Guzuguzu a watan Afrilu ya san yadda ruwa ke ja da baya. Inda jiragen masunta ke tsayawa da kaka, yanzu fili ne fetal, ƙasar ta bushe ta daddare kamar bayan tsohuwar tukunya. Mutum zai taka ya wuce lafiya, jaki ma haka. Amma ɓawon sama ne kawai ya bushe. Taki ɗaya a ƙarƙashinsa baƙin taɓo ne mai santsi, wanda ya shekara yana shan ruwa. Motar da ta taso daga Kano, ta bi ta Kabuga, ta wuce sabuwar jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado ba tare da ta ko yi tari ba, a nan take durƙusawa, saura 'yan taku kaɗan ta kai ruwa. Tayoyin su yi ta juyawa a banza, ciki ya zauna a ƙasa, a koma neman shebur da shanun huɗa.

Wannan ɗan tsakanin, daga inda hanya ta ƙare zuwa inda ruwa ya fara, shi ne alƙalin kowace motar da za a saya don jan jirgi a yammacin Kano. Dillali ba zai yi maka zancensa ba, domin shi a kan kwalta yake gwada mota.

Baƙo zai iya mamakin me ya haɗa Gwarzo da Kabo da zancen jirgin ruwa, alhali ba Neja ba Binuwai. Amsar tana cikin tarihin jihar. Tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aikin tare ruwan damina da muhimmanci. Tiga ce babba, aka kammala ta a 1974, sannan hukumar ruwa ta WRECA ta ci gaba da gina ƙananan madatsu na ƙasa a sassan jihar. Rabon wannan yanki ya haɗa da Pada da Magaga da Guzuguzu. A kudu, cikin ƙasar Ƙaraye, ga Kusalla, ga kuma Challawa da aka kammala a 1992, mai tsawon kusan kilomita 8 da tsayin mita 42. A arewa maso gabas ga Watari a Bagwai. Cikin tafiyar awa ɗaya ko biyu daga garin Gwarzo, mutum zai iya isa ruwaye biyar ko shida, kowanne da masuntansa, da manoman raninsa, da ƙauyukan da ruwa ya raba da kasuwarsu.

Ruwayen ba a haɗe suke ba, abin da ya kawo maganar mota ke nan. Jirgin da ke Pada ba shi da hanyar zuwa Challawa sai ta tudu. Yawancin kwale-kwalen katako a bakin ruwa kafinta yake haɗa su, a nan suke tsufa, a nan suke ruɓewa. Idan ta kama dole a matsar da jirgi, sai a ɗora shi a Kanta ko a-kori-kura, rabinsa na lilo a waje, an ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensa; idan kusa ne, amalanken shanu ya wadatar. Wannan dabara tana yi wa jirgin da za a matsar sau ɗaya a shekara. Ba ta yi wa ƙungiyar masunta da ke bin kifi daga wannan dam zuwa wancan, ko mai kiwon kifi a keji, ko ma'aikatan ceto da za a kira da tsakar dare. Su waɗannan suna buƙatar jirgi a kan amalanken ƙarfe mai taya, da motar da za ta ja shi ta kai shi har cikin ruwa.

Fara da abin da za a ja

Kuskuren farko shi ne a fara zaɓen mota kafin a san nauyin kaya. Mai jirgi yakan faɗi nauyin gangar jirgin kawai, ya manta da sauran. A ɗauka, a misali, jirgin faiba ne mai kilo 500. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda aka saba gani a ruwayenmu, ya haura kilo 70. Amalanken da kansa, musamman wanda mai walda ya haɗa da ƙarfe mai kauri don kada ya karye, zai iya kai kilo 300 ko fiye. Jarka huɗu ta fetur mai lita 25 kusan kilo 75 ne. A ƙara koma jiƙaƙƙiya, da anga, da filafilai, da rigunan ruwa, da firjin ƙanƙara idan kifi aka ɗauko. Kafin ka ankara an haura tan ɗaya. Kwale-kwalen katako kuwa ya fi yaudara, domin katakon da ya daɗe a ruwa ya sha ya ƙoshi, kuma duk lita ɗaya ta ruwan da ya kwanta a cikinsa kilo ɗaya ce. Mafi sauƙi shi ne a kai amalanken da lodinsa sikelin manyan motoci a auna, a rubuta a ajiye.

Tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba nauyi ne da zai gagari matsakaiciyar jif ba. Wannan ne ma ya sa nake ganin mu a nan bai kamata mu ruɗu da gasar lambobi da ake yi a Amurka ba, inda mutum ke jan jirgin shaƙatawa mai ɗaki da bayi. Duk da haka lambar tana da amfani, in an san yadda ake karanta ta.

Kowane kamfani yana rubuta iyakar nauyin da motarsa za ta ja a cikin littafin motar. Toyota 4Runner ƙirar 2010 zuwa sama, mai injin V6 lita 4.0, iyakarta fam 5,000 a awon Amurka, wato kimanin kilo 2,270. Nissan Pathfinder ƙirar 2005 zuwa 2012 mai V6 tana kai kilo 2,720. Prado ƙirar 120 da 150 an ba su kilo 2,500 a kasuwar Ostireliya, daga baya aka ɗaga wasu zuwa 3,000. Honda Pilot ta farko, daga 2003 zuwa 2008, tana da wani abin lura: kamfanin ya ba ta kimanin kilo 2,040 idan jirgin ruwa za ta ja, amma kilo 1,590 kawai idan amalanke mai siffar akwati ne, saboda hancin jirgi yana keta iska, akwati kuwa tokare ta yake yi. Kuma ko wannan sai an ƙara mata na'urorin sanyaya mai.

A kan Highlander ne ya kamata a buɗe ido, domin ita ce ta cika wuraren dillalai. Ƙirar 2008 zuwa 2013 mai V6 za ta ja kilo 2,270 idan tun daga kamfani an haɗa ta da kayan ja, wato lagireto mai girma da na'urar sanyaya man giya da ta baƙin mai. Idan babu su, iyakarta kilo 900 da 'yan kai. Motoci biyu, launi ɗaya, shekara ɗaya, kuɗi ɗaya, amma ɗaya ta ninka ɗaya fiye da sau biyu. Daga waje ba za ka gane ba, sai bakanike ya buɗe gaba ya leƙa.

Yadda ake samo waɗannan lambobi ma abin sani ne. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fitar da ma'aunin da ake kira J2807, kuma babban gwajinsa, abin sha'awa, a kusa da wata madatsar ruwa ake yin sa: hawan Davis Dam a jihar Arizona. Mota za ta ja cikakken lodinta ta hau tudu mai nisan kimanin kilomita 18, zafin gari bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ɗaki a ƙure, ba tare da inji ya tafasa ko wata fitilar gargaɗi ta kunna ba. Toyota ta fara bin wannan ma'auni tun wajen 2011, manyan kamfanonin Amurka sai 2015. To, zafin da suke ɗauka a matsayin jarrabawa shi ne abincinmu na yau da kullum daga Maris zuwa Mayu, har mukan haura digiri 40. Kuma sabuwar mota suka gwada, ba wadda ta shekara goma sha biyar tana aiki, ta hau jirgi ta sauka a Legas ko Kwatano, ta sha man bakin titi ba. Ni a ganina, tsohuwar mota kada a ɗora mata fiye da kashi biyu cikin uku na abin da littafinta ya faɗa.

Akwai kuma nauyin da ke cikin motar kanta. Wuyan amalanke yana danna bayan mota, kuma wannan dannawar tana cikin lissafin lodin motar, tare da direba da fasinja. Mu kuwa ba ma tafiya mu kaɗai. Mutum shida a ciki, buhun masara a but, jarkoki a sama, sannan jirgi a baya: bayan motar ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitila ta koma haska saman bishiya.

Jif iri biyu ce

Bahaushe duk wata mota mai tudu jif yake ce mata, amma a ƙarƙashi gida biyu ne. Akwai wadda aka ɗora bodinta a kan casis na ƙarfe mai kama da tsani, kamar yadda ake ƙera motar ɗaukar kaya: Prado, 4Runner, Fortuner, Lexus GX 470 da Pathfinder ta 2005 zuwa 2012. Akwai kuma wadda bodin ne da kansa ƙashin bayanta, kamar ƙaramar mota da aka ɗaga: Highlander, Pilot, Lexus RX da Pathfinder daga 2013. Na biyun sun fi laushi a hanya, sun fi sauƙin shan mai, iyali sun fi jin daɗinsu. Idan aikinka daga Kano zuwa Tiga ne a kan kwalta, sau biyu a shekara, da ƙaramin jirgi, za su yi maka.

Amma mu zancen gaɓar Magaga muke yi, da hanyar burji da damina ta zaizaye, da mashigin rafi mai rairayi. A nan abin da ke raba gardama shi ne ƙaramar giya, wadda ake rubuta wa 4L ko L4, direbobi ke kira ogzileri. Tana rage gudun taya ta ninka ƙarfinta, yadda mota za ta fito da jirgi daga ruwa a hankali kamar tafiyar hawainiya, ba tare da an taka totur har taya ta tona rami ba. Jif ɗin gidan farko mai ja da taya huɗu tana da ita. Highlander da Pilot da RX, ko da an rubuta AWD a bayansu, ba su da ita. Tsarinsu na titin da ruwa ko ƙanƙara ya jiƙa ne. Pathfinder ta 2013 kuwa giyarta irin wadda ake kira CVT ce, wadda ba ta son a tilasta mata a taɓo.

Sai kuma tarkon da ya kama mutane da yawa. Ba kowace 4Runner ko Pathfinder ce ke ja da taya huɗu ba. A jihohin kudancin Amurka, inda ba a fama da ƙanƙara, an sayar da dubbai masu ja da tayoyin baya kaɗai, kuma da yawansu sun ƙare a kasuwanninmu. Siffa ɗaya ce, tsayi ɗaya. Kada ka yarda da rubutun da ke jikin but, domin manna shi ake yi. Durƙusa ka leƙa: shin akwai sandunan da ke kai ƙarfi tayoyin gaba? A ciki akwai ƙaramin liba ko maɓallin 4L? In akwai, a sa shi a gabanka a kan ƙasa, ka ji ya shiga ya fita. Prado da GX 470 ba su da wannan matsalar, kullum da taya huɗu suke tafiya. Abin dubawa a Prado shi ne inji: mai lita 2.7 silinda huɗu, wadda ta yi yawa a ma'aikatun gwamnati, tana da juriya da sauƙin gyara, amma da lodi a baya takan yi nishi a hawa. Mai V6 lita 4.0 ta fi ta numfashi, ta kuma fi ta ƙishirwa.

Tunda ka riga ka durƙusa, duba casis ɗin. Motar da ta fito daga arewacin Amurka ko Kanada ta sha gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, kuma gishiri cin ƙarfe yake yi daga ciki. Baƙin fenti sabo a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tambaya ne. Ƙwanƙwasa da guduma, musamman can baya inda za a ɗaura ƙugiyar ja. Mai neman Pathfinder ta 2005 zuwa 2010 ya ƙara da duba man giya: an san wannan ƙirar da fashewar bututun da ke cikin lagireto, ruwa ya gauraya da man giyabos ya lalata shi. In ka ga man ya koma kamar madara, ka kama gabanka.

Zafi shi ne babban mai kashe giyar otomatik, kuma ja yana ƙara shi. A nan ina da ƙorafi a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu: da mota ta sauka, sai a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya, a ce an mayar da ita 'yar ƙasa. Na taɓa biye wa wannan shawara a tawa motar, kuma kafin shekara biyu lagireton ya toshe da tsatsa da gishirin ruwa, na biya kuɗin da ya ninka wanda na yi tsammanin na tsimi. Motar da za ta ja kaya tana buƙatar lagireto mai tsabta, ruwan sanyaya na gaskiya, tamostat a wurinsa, da ƙarin na'urar sanyaya man giya in babu. A hawa kuma a sauko da giya da hannu, kada a bar ta tana ta canzawa sama da ƙasa.

Ƙugiya da amalanke

Na fi jin tsoron wannan ɓangare fiye da komai, domin a nan rayukan wasu suke shigowa: mai babur da ke biye, yaran da ke tallar rake a bakin titi, mai amalanken da ke dawowa daga gona. Amalanken da ya kuɓuce daga mota a guje ba shi da direba ba shi da birki.

Ƙugiyar ja ta gaskiya da kusoshi ake ɗaure ta a ramukan da kamfani ya tanada a jikin casis. Ba a like ta da walda a jikin bamba, ba a kuma ɗaura amalanke a zoben da aka yi don janyo mota in ta lalace. Masu waldarmu gwanaye ne, sun iya haɗa amalanken da zai shekara ashirin, amma a kai musu ƙugiya ta asali su ɗaura. Ana samun na hannu a Ƙofar Ruwa wurin masu kayan motocin da aka farfasa. Sannan a kula da ƙwallon ƙarfen da bakin amalanke ke hawa. Motocinmu daga nahiya biyu suke zuwa: ƙwallon Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi amfani da shi inci 2, wato milimita 50.8, akwai kuma ƙarami mai inci ɗaya da bakwai bisa takwas. A ido duk ɗaya suke. Baki mai faɗi a kan ƙaramin ƙwallo zai zauna kamar ya kama, sai an faɗa rami ya tsinke. Sarƙa biyu, a gicciye a ƙarƙashin wuyan amalanke, su ne na biyun ƙugiya: in ta saki, wuyan ya faɗa kansu maimakon ya caki kwalta.

Jirgi yana da wani hali da ya bambanta shi da sauran kaya: abu mafi nauyi a jikinsa, wato inji, a can ƙarshen baya yake. In nauyi ya rinjaya baya, amalanke yakan fara kaɗa wutsiya da zarar an ƙara gudu, ko tirela ta wuce ta buga masa iska, kuma hanyar Gwarzo zuwa Dayi ba ta rabuwa da manyan motoci. Maganinsa shi ne wuyan amalanke ya riƙa danna ƙugiya da kimanin kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na dukan nauyin. Ana gyara wannan ta hanyar matsar da jirgin gaba, ko matsar da aksul baya, ko a cire ƙaramin inji a sa shi a gaban jirgin. In kaɗawar ta fara a hanya, a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, kada a danna birki da ƙarfi, kada a yi ƙoƙarin bin ta da sitiyari.

A Turai da Ostireliya doka ta ce amalanken da ya haura kilo 750 sai da birkinsa. Yawancin waɗanda ake haɗawa a nan ba su da shi, ma'ana birkin motar ne zai tsayar da tan uku ko fiye shi kaɗai. Wanda zai ja tan ɗaya da amalanke marar birki ya sani tazarar tsayawarsa ta ƙaru sosai, ya bar gudu a kilomita 60, ya ƙara rage shi a cikin gari da ranar kasuwa. A sa wa amalanke fitilar birki da sigina da abin ƙyalli. Wannan ba don gudun tarar jami'an FRSC ko KAROTA kawai ba ne: jirgin yana rufe fitilun motar, wanda ke baya ba ya ganin ka tsaya.

A bakin ruwa

Inda masuntanmu ke sauke jirage ƙasa ce tsura, kuma bakin ruwan yana tafiya da wata. Wurin da ya yi kyau a Nuwamba ya zama gonar albasa ko tumatir a Fabrairu. Saboda haka kafin taya ta taka, a sauka a je da ƙafa, a caka sanda, a gai da Sarkin Ruwa ko dattawan masunta a tambaye su inda ƙasa take da tsakuwa. Sun san ruwan kamar tafin hannunsu. A nemi izinin mai gona kafin a ratsa masa shuka. Rigimar da tayar mota ke haddasawa a fadama takan fi kwana ɗaya.

A shiga da baya, a ƙaramar giya, mutum ɗaya yana nuna hanya. Ƙa'idar da ba na so a karya ita ce tayoyin bayan mota kada su shiga ruwa. Aksul ɗin da ya yi zafi a hanya, in ya nutse a ruwan sanyi, yakan zuƙi ruwa ta ƙofar numfashinsa, man ciki ya lalace ba tare da ka sani ba sai ya fara kuka bayan wata biyu. Boris ɗin tayar amalanke ma haka yake, shi ya sa ake ba shi kamar minti goma sha biyar ya huce kafin a tura shi ruwa, a kuma riƙa cika shi da giris akai-akai. In gaɓar ta yi laushi, akwai dabara mai sauƙi: mota ta tsaya a kan tauri, a sa dutse a bayan tayoyinta, a kwance amalanke a sauke shi da doguwar igiya mai ƙarfi, a kuma janyo shi da ita. Igiya mai mita 20 ta fi kowace irin taya arha. A rairayi a rage iskar taya, a mayar da ita kafin a hau kwalta. Shebur, katako biyu masu kauri, jak da safayar amalanke kada su bar motar.

Zancen aljihu

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin mallakar babbar mota ya canza. V6 mai jan jirgi tana shan mai fiye da yadda ta saba, V8 ta GX 470 kuwa sai mai ƙarfi. Don haka kafin a sayi jif a yi wa kai tambaya: sau nawa za a ja jirgin a shekara? In sau biyu ne ko uku, hayar Kanta ta fi, kuɗin motar a sayi inji mai kyau da rigunan ruwa. In duk mako ne, kuma kaya masu ƙarni da jiƙa za a riƙa ɗauka, Hilux mai ja da taya huɗu ta fi kowace jif dacewa: koma da kifi da jarkar mai suna baya a buɗe, kuma babu garin da za a rasa bakaniken da ya san ta. Jif tana shigowa ne inda mota ɗaya za ta yi aiki biyu, ta kai iyali asibiti da biki, ta kuma ja jirgi.

A wannan hali, zaɓina 4Runner ce mai V6 da ƙaramar giya, ko Prado, ko Fortuner wadda ƙashinta na Hilux ne. Ba don suna na ce haka ba. In famfon ruwa ya mutu a Getso ko Garo, kayan Toyota za a samu a Ƙofar Ruwa a turo a motar haya kafin la'asar. Pathfinder ta 2005 zuwa 2012 tana da ƙarfi kuma ta fi araha, ga wanda zai canza mata lagireto tun ranar farko. Pajero ma tana da ƙaramar giya mai kyau, sai dai an daina ƙera ta a 2021. Highlander da Pilot, komai kyansu, su tsaya a kan tauri su yi aiki da igiya.

Abin da ya sa wannan magana ta wuce ta masu hali shi ne abin da ya faru a Bagwai ranar 30 ga Nuwamba, 2021. Jirgi ya taso daga Hayin Badau a kan ruwan Watari, cike da mutane, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi, ya kife. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Lodi fiye da kima aka ɗora wa alhakin hatsarin, kuma rigakafinsa a bayyane yake: a ƙayyade yawan fasinja, kowa ya sa rigar ruwa, a daina tsallakawa da duhu. Amma ranar da ƙaddara ta faɗa, masu ninƙaya na ƙauye ne ke fara shiga ruwa da kwale-kwalen filafili, yayin da taimako ke tahowa daga birni.

Ba zai yiwu a ajiye jirgin ceto mai inji da ma'aikatansa a kowane ƙaramin dam ba. Abin da zai yiwu shi ne jirgi ɗaya a kan amalanke mai birki da fitila, da mota ɗaya mai ƙaramar giya, a ajiye a Gwarzo ƙarƙashin hukumar kashe gobara, da direban da ya koyi shiga da baya, da mai a tanki kullum. A kowane dam kuma a zuba gangaren tsakuwa ko siminti mai faɗin mota ɗaya, wanda zai bi ruwa har inda yake komawa a ƙarshen rani; masunta da manoma ma za su amfana da shi. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da Ƙaraye da Bagwai, da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin, da su haɗa hannu su sa wannan a kasafin shekara mai zuwa, a kuma gwada motar a bakin Guzuguzu da jirgin a bayanta kafin a biya kuɗinta.